Tantance Shekaru a Wasannin Bidiyo: Tambayoyin da 'Yan Gem da Iyaye Ke Yi

Shekara da shekaru, abin da ke tsakanin yaro da wasan manya a intanet bai wuce wani ɗan akwati mai tambayar ranar haihuwa ba. Ɗan shekara 11 zai murza jerin shekarun nan har ƙasa, ya zaɓi 1 ga Janairu 1980, ƙofa ta buɗe masa. Kamfanoni sun san haka ake yi, gwamnatoci ma sun sani, aka dai yi ta kau da kai. Yanzu kau da kan ya soma ƙarewa, kuma 'yan gem na cikin waɗanda suka fara ji a jikinsu. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Mene ne bambancin tantance shekaru da tambayar ranar haihuwa da muka saba gani?

Tambayar ranar haihuwa yarda ce da abin da bakinka ya faɗa. Tantancewa kuwa hujja ake nema. A wani bincike da hukumar kula da sadarwa ta Birtaniya, Ofcom, ta fitar a 2022, an gano cewa kashi ɗaya cikin uku na yara 'yan shekara 8 zuwa 17 masu shafi a dandalin sada zumunta, shekarun manya ne a rubuce a shafukansu. Irin wannan ne ya sa hukumomi suka daina ɗaukar "na rantse na kai 18" a matsayin komai.

Hanyoyin da ake bi yanzu ba su da yawa. Ko a ce ka ɗauki hoton fasfo, katin shaida ko lasisin tuƙi, a haɗa da hoton fuskarka. Ko a bar manhaja ta kalli fuskar kawai ta ƙiyasta shekarunka. Ko a nemi katin kiredit, tunda a ƙasashe da dama ba a ba wanda bai kai 18 ba. Ko kuma bankinka ko kamfanin layin wayarka ya amsa da "e, babba ne". Ta farkon tana sanin ko kai wane ne. Ta biyun kintace take yi. Wannan bambancin shi ne rabin rigimar.

Wace doka ce ta tayar da wannan ƙura?

Ba doka ɗaya ba ce, amma wadda ta fi girgiza 'yan gem ita ce dokar tsaron intanet ta Birtaniya, wadda aka sa wa hannu a watan Oktoban 2023. Sashenta da ya shafi yara ya fara aiki ranar 25 ga Yulin 2025. Daga ranar, duk dandalin da ke ɗauke da batsa, ko abin da ke zuga mutum ya kashe kansa ko ya ji wa kansa rauni, wajibi ne ya yi amfani da hanyar tantance shekaru mai inganci sosai. Wanda ya saɓa, Ofcom na iya cin sa tarar fam miliyan 18, ko kashi 10 cikin 100 na kuɗin da yake samu a duniya baki ɗaya, duk wanda ya fi yawa. Kamfanin da ya ji wannan adadi ba ya tsayawa dogon musu.

To ai wannan maganar batsa ce. Me ya kawo wasanni ciki?

Dokar ba ta tsaya kan shafukan batsa ba. Ta shafi galibin wuraren intanet da mutum zai iya aika wa wani rubutu, murya ko hoto. Wasan zamani kuwa rabinsa hira ce. Mutum na harbi yana magana da baƙi huɗu ta lasifikar kunne, yana gina gida a wasa yana karɓar saƙo daga wanda bai taɓa gani ba.

Kowane kamfani da yadda ya ɗauki abin. Discord, inda 'yan gem ke taruwa, ya fara neman hoton fuska ko katin shaida kafin mutum ya ga wasu abubuwan. Steam, kantin sayar da wasannin kwamfuta a intanet, ya zaɓi katin kiredit: tun daga Agustan 2025, ɗan Birtaniya ba zai buɗe shafukan wasannin manya ba sai ya maƙala katin a asusunsa. Microsoft ya sanar da cewa masu Xbox a can da ba su tantance ba za su ci gaba da wasanninsu da suka saya, sai dai hirarsu za ta taƙaita ga abokan da suke da su. Roblox kuma, dandalin wasannin da yara ke cika, wanda jihohin Amurka irin su Luwiziyana da Teksas suka maka kotu a 2025 bisa zargin sakaci da tsaron yara, ya sa sharaɗin duba fuska kafin a yi hira. Ya fara da Ostireliya, Niyu Zilan da Holan a Disamban 2025, sannan sauran duniya a Janairun 2026. Ya kasa mutane rukuni-rukuni: ƙasa da 9, 9 zuwa 12, 13 zuwa 15, 16 zuwa 17, 18 zuwa 20, sai 21 zuwa sama, kowa ya yi hira da sa'anninsa da na kusa da su.

Yaya duba fuskar yake a aikace? Kuma da gaske an yaudare shi da ɗan wasan kwamfuta?

Kyamarar waya za ta buɗe, wani zobe ya bayyana a allo, a ce ka sa fuskarka a ciki. Sai rubutu ya fito: matso kusa, juya kai hagu, buɗe baki, rufe. Ana sa ka motsin ne don a tabbatar mutum ne mai rai a gaban kyamarar, ba hoton yayansa ya ɗaga ba. Bayan 'yan daƙiƙu sai a ce ka wuce, ko a ce ba a gamsu ba, kawo kati.

Da gaske ne an yaudare shi. Kwana ɗaya ko biyu da fara aikin dokar Birtaniya, wasu suka tuna cewa wasan Death Stranding yana da sashen ɗaukar hoto, inda za ka iya sa jarumin wasan, wanda aka zana da fuskar ɗan fim Norman Reedus, ya kalli kyamara ya buɗe baki ya rufe. Suka saita waya a gaban allon talabijin. Manhaja ta ce buɗe baki, suka danna maɓalli, jarumi ya hangame baki. Manhaja ta ga ƙasumba da tamoji, ta ce babba ne. An sha dariya, kamfanoni kuma suka shiga toshe kafar. Sai dai duk toshewa na nufin ƙarin bincike a kan fuskar mai gaskiya, wanda bai taɓa niyyar yaudarar kowa ba.

Me 'yan gem suke ƙi a cikin wannan tsari? Ba yara ake karewa ba?

Ba bakinsu ɗaya ba, kuma kuskure ne a ɗauka duk yara ne masu jin haushin an rufe musu ƙofa. Yawancin masu buga gem a yau manya ne, da yawansu iyaye. Akwai wanda asusunsa na Steam ya shekara 20, wato asusun kansa ya isa jefa ƙuri'a, amma aka ce sai ya kawo katin kiredit, shi kuma bai taɓa cin bashin banki ba, ba ya kuma son ya fara. Wannan koke ne na gaske, kuma an yi ta yin sa.

Babban abin da ya haɗa su shi ne sirri. Duniyar wasanni an gina ta ne a kan laƙabi. Mutum zai shekara goma yana wasa da wani, ya san muryarsa da yadda yake fushi idan an ci su, bai san sunansa na yanka ba. Mata da yawa da gangan suke ɓoye ko su wane ne, don kauce wa masu damu. To yau an ce a ɗaura wannan laƙabi a jikin fasfo.

Akwai kuma masu tsoron gaba. Hujjarsu ita ce, ƙofar da aka kafa yau domin batsa, gobe wata gwamnatin za ta iya ƙara mata jerin abin da take tarewa, tunda an riga an gina ta. A Birtaniya sama da mutum rabin miliyan suka sa hannu a takardar koke ta majalisa suna neman a soke dokar. Gwamnati ta ce ba ta da niyya.

A ɗaya ɓangaren, akwai 'yan gem da ke cewa an ma makara. Duk wanda ya taɓa jin muryar ɗan shekara tara a zauren hirar wasan manya, ana zaginsa da ashar, ko wani ƙato yana lallaɓa shi ya koma hirar sirri, ya san akwai matsala. A nawa ganin, masu kukan sirri suna da gaskiya, amma duk wanda ya ce babu abin gyara bai daɗe a zauren hira ba.

Ina hoton katina yake zuwa bayan na tura?

Nan gizo ke saƙar. Yawanci ba kamfanin wasan ne ke dubawa ba, wani kamfanin ne na daban da aka ɗauka haya, irin su Yoti, Persona ko k-ID. Sukan ce suna goge hoton da zarar an gama, wasu ma su ce duba fuskar a cikin wayarka ake yin sa, ba ya fita. Mai yiwuwa haka ne. Amma bayanai suna da hanyoyin zurarewa da ba a lissafa da su ba.

A watan Oktoban 2025 Discord ya sanar da cewa an kutsa wa wani kamfani da ke taya shi amsa koken abokan hulɗa, kuma hotunan katin shaida na mutum kusan 70,000 na iya kasancewa cikin abin da aka kwasa. Abin lura shi ne yadda hotunan suka isa can. Na mutanen da suka ɗaukaka ƙara ne a kan batun shekarunsu, suka tura kati ga sashen koke don a gyara. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Koriya ta Kudu ta riga kowa ɗanɗana wannan. Tun 2007 ta wajabta wa manyan shafuka su tabbatar da sunan gaskiya na masu rubutu, abin da ya sa kamfanoni suka tara lambobin shaidar 'yan ƙasa. A 2011 aka kutsa manyan shafukan intanet na ƙasar, Nate da Cyworld, aka kwashi bayanan mutum miliyan 35, a ƙasar da mutanenta duka ba su wuce miliyan 50 da wani abu ba. Shekara guda bayan nan kotun tsarin mulki ta soke dokar sunan gaskiyar. Kalmar sirri idan an sace sai ka canza. Fuska da ranar haihuwa ba a canza su.

Ba dama akwai alamar shekaru a jikin wasanni ba?

Akwai, kuma ta daɗe. A Amurka, bayan zaman majalisar dattawa na 1993 kan wasanni irin su Mortal Kombat da Night Trap, wanda Sanata Joe Lieberman da Herb Kohl suka jagoranta, masana'antar ta kafa hukumar ESRB mai sa wa wasanni alamar shekaru a 1994 kafin gwamnati ta kafa mata. Turai ta samu PEGI a 2003, mai lambobin 3, 7, 12, 16 da 18. An tsara su ne a zamanin da ake sayen wasa a kwali, mai kanti na ganin fuskar mai saye. Alamar tana gaya maka abin da masu wasan suka zuba a ciki. Ba ta iya gaya maka abin da baƙon da ke cikin wasan zai faɗa wa ɗanka, shi ya sa wasa mai alamar 7 zai iya fin mai alamar 18 haɗari idan hirarsa a buɗe take.

Ke nan ba zubar da jini a wasa ake tsoro ba?

A da shi ne. Kalifoniya ta yi doka a 2005 ta hana sayar wa yara wasannin tashin hankali, Kotun Ƙolin Amurka ta rushe ta ranar 27 ga Yunin 2011 da rinjayen alƙalai bakwai a kan biyu, ta ce wasan bidiyo na da kariyar 'yancin faɗar albarkacin baki kamar littafi da fim. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ma ta ce a 2020 babu isasshiyar hujjar kimiyya da za a ɗora aikata ta'asa a kan wasanni, ko da yake ta ce akwai 'yar alaƙa da ƙananan halayen zafin rai kamar tsawa da ture-ture.

Abin da ke cutar da yara a zahiri ya fi karkata ga abu biyu: wanda ke magana da su, da hannun da ke shiga aljihun iyayensu. A Disamban 2022 kamfanin Epic Games, mai Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520 a sulhu da hukumar kasuwanci ta Amurka. Miliyan 275 tara ce ta karya dokar kare bayanan yara 'yan ƙasa da 13, wadda ke nan tun 1998, kuma cikin laifukan da aka lissafa har da barin hirar murya da ta rubutu a kunne ga yara tun daga farko. Miliyan 245 kuma na mayar wa mutanen da aka tsara maɓallai don su yi sayayya ba da niyya ba. Idan za a kafa ƙofa, a ganina a waɗannan wurare biyun ya kamata ta tsaya, hira da aljihu.

Akwatin sa'a fa? Caca ce ko ba caca ba?

Ka biya kuɗi na gaske, akwati ya yi ta juyawa da walƙiya da kiɗa, ya buɗe, ka samu ko dai abin da kake mafarki ko tarkace. Beljiyam ta kira shi caca tun 2018, kamfanoni da dama suka cire shi daga ƙasar. Ostireliya tun Satumban 2024 ba ta ba wasa mai irin wannan akwati alamar da ta gaza ta M, wadda ba a ba da shawararta ga 'yan ƙasa da 15, wasan da ke kwaikwayon caca kuma na 'yan 18 ne zalla. A Janairun 2025 masu wasan Genshin Impact suka amince su biya dala miliyan 20 a Amurka, aka kuma hana su sayar wa 'yan ƙasa da 16 akwatin sai da izinin iyaye. Wasu ƙasashen, har da Birtaniya, sun bar wa masana'antar ta tsawata wa kanta.

An taɓa gwada irin wannan takura a wani wuri? Me ya fito?

An gwada, kuma labarin ƙasashe biyun da suka fi zurfafawa ya cancanci a tsaya a kansa.

A Nuwamban 2011 Koriya ta Kudu ta fara aiki da dokar da ta hana 'yan ƙasa da 16 buga wasan intanet daga ƙarfe 12 na dare zuwa 6 na safe. Yara suka koma shiga da lambar shaidar iyayensu. Sannan dokar wasannin kwamfuta ta kama, ba ta taɓa na waya ba, cikin 'yan shekaru kuwa yara suka tattara suka koma waya. Abin da ya ƙarasa ta abin dariya ne. Microsoft, maimakon ya gina tsarin kashe wasa da tsakar dare domin ƙasa ɗaya, sai ya taƙaita asusun Xbox a Koriya ga manya. Da aka ce a 2021 duk mai Minecraft na kwamfuta sai ya koma irin wannan asusu, sai wasan tara tubali da makarantu ke koyarwa da shi ya zama na 'yan 19 zuwa sama. Iyaye da yara suka yi ca, gwamnati ta sanar da soke dokar a shekarar, bayan ta yi shekara goma.

Sin ta fi tsanantawa. A 2019 ta ƙayyade wa 'yan ƙasa da 18 minti 90 a ranakun makaranta, da awa uku a ranakun hutu, ta kuma sa iyaka ga kuɗin da za su kashe: yuwan 200 a wata ga 'yan 8 zuwa 16, yuwan 400 ga 'yan 16 zuwa 18. A ƙarshen Agustan 2021 ta ƙara matsewa: awa ɗaya kacal, daga 8 zuwa 9 na dare, ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Kowane asusu a ɗaure yake da sunan gaskiya da lambar ɗan ƙasa, kamfanin wasanni na Tencent har ya sa duba fuska da dare don kama yaran da ke amfani da asusun manya. Sai kasuwar hayar asusu ta buɗe, kakanni kuma suka wayi gari sun zama gwanayen wasa a kan takarda. Wani bincike da mujallar Nature Human Behaviour ta buga a 2023, wanda ya duba sama da awa biliyan bakwai na wasa, bai samu hujjar cewa dokar 2019 ta rage yawan masu zarce ƙima ba.

Ba ina cewa dokokin Birtaniya ko Ostireliya daidai suke da waɗannan ba. Can lokacin wasa aka ƙayyade, nan kuwa abin da za a gani da wanda za a yi hira da shi. Amma ƙasar da ke da lambar kowane ɗan ƙasa a hannunta ma ta sha wuya da yaro mai katin kakarsa.

Ostireliya ta hana yara wasanni ne?

A'a. Dokarta da ta fara aiki ranar 10 ga Disamban 2025 ta hana 'yan ƙasa da 16 mallakar asusu ne a dandalin sada zumunta irin su TikTok, Instagram, Snapchat da YouTube, da tarar da ta kai dalar Ostireliya miliyan 49.5 a kan kamfani, ba a kan yaro ko iyayensa ba. Roblox, Steam da Discord ba sa cikin jerin farko. Twitch da Kick, inda ake kallon masu buga gem kai tsaye, suna ciki.

A Amurka fa, tunda kotu ta kare wasanni?

Can jiha-jiha abin yake tafiya. Luwiziyana ce ta fara neman shaida a shafukan batsa a farkon 2023, jihohi da dama suka bi sahu. A 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da irin wannan doka ta Teksas da rinjayen shida a kan uku, kuma ranar 27 ga Yuni, daidai shekara 14 da hukuncin wasannin Kalifoniya. Hukuncin kan batsa ne, bai shafe na 2011 ba. Abin da ya fi kusa da 'yan gem shi ne sabon salon da Yuta ta fara a 2025, Teksas ta biyo: a ɗora wa rumbun manhajoji na Apple da Google nauyin sanin shekarun mai waya da neman izinin iyaye. Meta, mai Facebook da Instagram, na goyon bayan wannan, Apple da Google ba sa so, kowa dai na neman ya sauke kayan a kan ɗan'uwansa. Ana ta fafatawa a kotuna.

Ba sai in kunna VPN in huta ba?

Haka dubban mutane suka yi. A ƙarshen makon da dokar Birtaniya ta fara, manhajojin VPN, masu sa a ga kamar daga wata ƙasa kake shiga intanet, suka mamaye saman jerin waɗanda aka fi saukewa, kamfanin VPN na Proton ya ce masu rajista daga ƙasar sun ƙaru da sama da kashi 1,400 cikin 100. Amfani da VPN ba laifi ba ne a can, sai dai an hana dandali ya tallata wa yara shi a matsayin hanyar zillewa.

Ga ɗan gem akwai tsada. VPN na ƙara jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin da za a gani, a wasan harbi kuwa wannan ɗan jinkirin shi ne rai. Steam ya haramta ɓoye ƙasar da kake a sharuɗɗansa, kana iya rasa asusun da ka tara wasanni a ciki. Yaro kuma na kyauta zai sauke, na kyautar nan da yawansu da bayanan mai amfani suke cin abinci. An gudu ba a tsira ba.

Idan manhaja ta ce ni yaro ne alhali na girma fa?

Yana faruwa, musamman ga 'yan 18 zuwa 25. Manhajar takan yi kuskuren shekara ɗaya, biyu ko fiye, don haka kamfanoni kan ɗaga ma'auni sama da 18 domin kada yaro ya zille, wanda ya faɗa tsakani sai a nemi katinsa. Gwajin da cibiyar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta fitar a 2024 ya nuna cewa dacewar ƙiyasin na bambanta gwargwadon jinsi, yankin da aka haifi mutum, da kyawun hoton. Wato mai tsohuwar waya a ɗaki mai duhu ya fi shiga matsala. Idan aka ce a koma ga kati kuma, Bankin Duniya ya ƙiyasta a ƙididdigarsa ta 2021 cewa mutum kusan miliyan 850 a duniya ba su da takardar shaida ta hukuma ko ɗaya.

Ƙananan masu wasanni fa, ya suke yi?

Wasu rufewa suke. Urban Dead, wani wasan rubutu da ake bugawa a burauza tun 2005, wanda mutum ɗaya ke riƙe da shi, ya rufe a Maris na 2025, mai shi ya ce ba zai iya ɗaukar nauyin dokar ba. Kowace tantancewa biya ake yi, lauyan da zai fassara ɗaruruwan shafukan ƙa'idoji ma biya ake yi. Manyan kamfanonin da aka yi dokar dominsu su ne suka fi iya haɗiye kuɗin.

Babu hanyar da za a san na girma ba tare da an san ko ni wane ne ba?

Akwai, kuma nan ne ya kamata 'yan gem su sa ƙarfinsu. Faransa ta wajabta wa shafukan batsa su ba da aƙalla hanya ɗaya mai ɓoye suna ta fuska biyu: wanda ya tabbatar da shekarunka bai san shafin da za ka shiga ba, shafin kuma bai san sunanka ba, abin da ya iso masa kawai shi ne "ya haura 18". Tarayyar Turai ta fara gwajin manhaja mai irin wannan tsari a Yulin 2025 tare da Denmak, Faransa, Girka, Italiya da Sifaniya. Wata hanyar ita ce a saita shekaru sau ɗaya a jikin waya ko na'urar wasa, ita kuma ta riƙa gaya wa kowane wasa rukunin mai ita. Ko waɗannan ba su hana yaro ɗaukar wayar babansa ba, amma sun fi a ce kowane wasa da kowane zaure ya ajiye kwafin fasfonka.

Wannan ba aikin iyaye ba ne? Me ya kawo gwamnati?

Wannan ce amsar da 'yan gem suka fi so, kuma rabinta gaskiya ne. PlayStation, Xbox, Nintendo Switch, Steam da wayoyin Apple da Android duk suna da saitin iyaye na kyauta: a ƙayyade lokaci, a rufe hira da baƙi, a hana sayayya sai da izini. Minti goma sha biyar ya isa a saita. Da yawan iyaye ba su taɓa buɗe shi ba, wasu ma da asusunsu na manya suke miƙa wa yaro na'urar, da katin banki a maƙale.

Ɗaya rabin kuma, uwa ɗaya da ta dawo aiki a gajiye ba za ta yi kokawa da kamfanin da ya ɗauki ƙwararru ɗaruruwa aikinsu kawai su sa ɗanta ya ƙi ajiye waya ba. Sannan akwai yaran da ba su da mai sa musu ido ko kaɗan, su ne kuma masu farauta ke nema. Doka na da wurin zama. Tambayar ita ce wa za ta matsa wa: kamfani ya rufe hirar yara tun daga farko ya daina sayar musu da sa'a, ko kowane baligi ya nuna fasfo a bar tsarin wasan yadda yake. Ta biyun ta fi wa kamfanoni sauƙi.

An nemi in tantance yau. Wacce hanya zan zaɓa?

Fara da duba abin da za ka rasa idan ka ƙi. Sau da yawa wasan na nan, hira da baƙi ce kawai za a rufe, wataƙila ma ka samu sauƙin kai. Idan dole ne, zaɓi hanyar da ta fi ba da bayani kaɗan: tabbacin layin waya ko na banki, ko duba fuskar da aka ce ba ya barin wayarka, kafin ka kai ga kati. Duba sunan kamfanin da ke tantancewar da tsawon lokacin da ya ce yana ajiye hoto. Kada ka taɓa bin mahaɗin da aka turo maka ta saƙo ko imel da sunan tantance shekaru, 'yan damfara sun riga sun shiga wannan kasuwar. Shiga ta saitin asusunka da kanka. Idan manhaja ta yi kuskure, sake gwadawa da rana a gaban taga, ka cire tabarau da hula, kafin ka yarda ka tura hoton fasfo ga sashen koke. Idan kuma ɗanka ne ya kawo maka waya ya ce "Baba, ɗan kalli nan ka buɗe baki", karɓi wayar ka karanta abin da ke rubuce a saman zoben tukuna.